Saƙonnin Baba Arba'in da Uku

Ranar Laraba da safe Siriri ya danna maɓallin da ya yi sati uku yana kewaye shi, ya jingina da kujera yana jira. Ko minti ɗaya ba a yi ba allon ya cika da ja. Layi arba'in da uku, kowanne da alamar ƙi a gabansa.

Caja, wanda teburinsa ke manne da na Siriri, ya miƙo wuya. Sunan ya bi shi ne saboda bai taɓa zuwa ofis da cajar wayarsa ba.

"Kai! Yau Maigadi ya yi babban kamu. Wane mai tsautsayin ne?"

"Aikin Baba ne."

Caja ya janye wuyansa a hankali, ya koma kan allonsa.

Su tara ne a ofishin, a hawa na biyu, saman wani shagon tayoyi. Manhaja suke yi wa kantunan magani. Kamar kowane gidan da ake irin wannan aiki, duk wanda ya taɓa wani abu a cikin manhajar sai ya ajiye gyaran tare da ɗan saƙo da ke bayanin abin da ya yi. Idan ya gama ya tura, na'ura ce ke karɓa ta bi da aikin ta jerin gwaje-gwaje da kanta, kafin a yarda ya shiga babbar manhajar da ke zuwa hannun masu kanti. Na farko a jerin shi ne Maigadi. Maigadi ba mutum ba ne, kuma ba ruwansa da ko aikin ya yi kyau. Saƙon kawai yake dubawa. Layin farko dole ya fara da ɗaya daga cikin kalmomi huɗu, sabo ko gyara ko cire ko gwaji, a sa ɗigo biyu, a faɗi abin da aka yi, kada ya wuce harafi saba'in da biyu. Idan ka cika wannan, ka tsallake layi ka rubuta littafi a ƙasa in ka ga dama. Idan ba ka cika ba, ko ƙofar gwaji na biyu ba za ka gani ba.

Siriri ne ya gina shi, wata biyar da suka wuce.

Baba kuwa shi ya rubuta layin farko na manhajar, shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk ofishin Baba ake kiransa, amma Siriri kaɗai ke da cikakkiyar hujja, domin 'yarsa ta biyu yake aure. Baba bai taɓa rubuta gajeren saƙo ba. Yakan fara daga layin farko ya zarce, ba kai ba wutsiya, kamar mai ba jikoki labari. Da aka kafa Maigadi sai ya yi dariya, ya ce shi da wannan yaron za su haɗu wata rana. Ya keɓe kansa a reshen aikinsa, wata huɗu yana gina abin da zai gargaɗi mai kanti idan zai ba mutum ɗaya magunguna biyu da ba sa shiri da juna. Ya gama ranar wata Litinin, ya ce gobe zai tura. Da safiyar Talata matarsa, Inna, ta same shi a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, hannun dama a sake, yana son ya kira ta baki ya ƙi.

Manaja ta fito daga ɗakinta da kofi a hannu, ta tsaya bayan Siriri tana kallon jan.

"Na ga ka tura. Litinin ƙarfe goma sha biyu za mu saki sabon zubi, kuma na riga na yi wa masu kanti alkawarin gargaɗin nan. Ya za a yi?"

"Zan iya kashe Maigadi na minti biyar."

"Ka manta kai da kanka ka haɗa shi da takardar sanarwa? Duk layin farko na kowane saƙo yana zuwa allon masu kanti. Kana so mai kanti ya buɗe da safe ya karanta cewa Baba ya kwana biyu yana zargin na'urar buga takarda?"

Caja ya toshe baki da hannu.

"To ka dunƙule su," in ji ta. "Arba'in da ukun su koma ɗaya, layi ɗaya, shi ke nan. Aikin yana nan, ba abin da zai ɓata."

"Saƙonnin za su goge."

"To ka rubuta masa kanun, ka tura zancensa ƙasa. Aikin awa biyu ne a wurinka."

"Sunansa ne zai zauna a kai, Manaja. Ba nawa ba."

Muryarta ta sauka.

"Ni ma shi ya koya min aikin nan, Siriri. Amma Litinin Litinin ce. Idan sha biyu ta buga ban ga kore ba, ni zan dunƙule su da hannuna, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Da ta tafi ya buɗe saƙonnin ya fara karantawa. Na uku ya ce:

"Na ɓata kwana biyu ina zargin na'urar buga takarda, ashe baiwar Allah ba ta da laifi. Laifin namu ne. Idan mai kanti ya bar fili a ƙarshen sunan magani, sai mu ɗauka wani magani ne dabam. Wanda zai zo bayana, kada ka cire layi na tamanin don ka ga kamar ba ya tsinana komai. Yana tsinanawa. Ni ma na cire shi, na sha wuya."

Siriri ya ji muryar a kunnensa, har da ɗan tarin da Baba ke yi kafin ya faɗi abu mai muhimmanci. Ya ɗora yatsu ya rubuta: gyara, ɗigo biyu. Ya tsaya. Mutumin da yanzu sai ya yi gumi kafin ya ce "ruwa", shi za a cusa wa magana a baki, a buga sunansa a ƙasa? Ya goge. Ya karanta zuwa na goma, ya kasa ci gaba, ya rufe.

Akwai kuma abin da ba wanda ya sani a ofishin sai shi da Manaja. Ba ita ta ce a kafa Maigadi ba. Shi ya kai mata shawarar. Shekara uku ke nan yana shan wahalar tsamo takardar sanarwa daga cikin dogayen labaran Baba, kuma shekara uku bai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa ya rage ba. Ta yaya? Mutumin da ko haɗa ido da shi bai cika yi ba. Sai ya gina abin da zai faɗa a madadinsa, ya ce wa Baba umarni ne daga sama.

Da yamma ya tarar da matarsa a baranda tana kwashe shanya. Malamar makaranta ce, Malama yake kiranta, ita kuma idan tana son tsokana ta ce Yallaɓai. Ya tsaya riƙe da kwandon yana ba ta labari, tana jefa kaya a ciki tana saurare.

"To ka tambaye shi mana," ta ce.

"Wa?"

"Mai saƙonnin. Ko ka ji an ce ya rasu?"

"Haba, Malama. Mutum yana kwance zan kai masa aiki?"

"Ba kwance yake ba, a kujera yake wuni yana kallon bango. Da kana shiga ɗakin da ka sani. Kullum sai ka tsaya bakin ƙofa ka ce Allah ƙara sauƙi, ka koma falo ka zauna kamar wanda ya zo neman aure." Ta kakkaɓe zanen gado da ƙarfi. "Bakinsa ne ya tafi, Yallaɓai. Kansa yana nan. Jiya da na yi kuskuren kwanan wata sai da ya harare ni."

"Inna ba za ta yarda ba."

"Ka bar ni da Inna."

Ranar Asabar da hantsi suka je. Inna ta ga jakar kwamfuta tun daga bakin ƙofa, ta tare hanya.

"Wannan fa? Likita ya ce hutu. Wannan abin ne ma ya kai shi inda yake."

"Gani kawai zai yi, Inna," in ji Malama, ta kama hannunta ta ja ta gefe. "Zo ki nuna min sabon maganin da aka canza."

Siriri ya shiga shi kaɗai. An ture gadon jikin bango don kujerar ta samu wuri kusa da taga. A kan tebur akwai kofi mai tsinken zuƙa, da ƙwallon roba na matsa hannu, da tabarau. Baba ya rame, gefen bakinsa na dama ya sauka. An yi masa aski, abin da ya sa ya zama kamar baƙo. Hannun daman yana kan matashi a cinyarsa, a ajiye kamar kayan wani.

Siriri ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya ɗaga gira ɗaya, ya dubi jakar.

"Aikinka ne, Baba. Na tura shi."

Ya buɗe, ya ɗora masa a kan allon cin abinci, ya sa masa tabarau. Baba ya dubi jan tun daga sama har ƙasa. Kafaɗarsa ta fara rawa. Siriri ya tsorata, ya yunƙura zai kira Inna, sai ya gane dariya ce, dariya mai fita ta gefe ɗaya.

Ya yi masa bayani duka, da Litinin, da dunƙulewa. Da ya ambaci dunƙulewa dariyar ta ɗauke.

"Zan roƙi Manaja a kashe Maigadi, ni in gyara takardar sanarwar da hannu. Ba sai an taɓa komai naka ba."

Baba ya buɗe baki. Leɓensa ya yi motsi sau biyu babu sauti.

"A'a," ya ce.

Ya jawo kwamfutar da hannun hagu. Siriri ya buɗe masa saƙo na farko, ya tura tsohon zancen ƙasa, ya bar masa layi fari fes a sama. Baba ya miƙa yatsa ɗaya. Yana neman kowane harafi kamar mai tsintar allura, wani lokacin ya danna na kusa da shi, ya goge, ya sake. Siriri ya kawar da kai yana kallon taga, yana jin ƙas, shiru, ƙas. Minti goma sha ɗaya. Da aka gama, goshin Baba ya jiƙe.

Suka tura. Maigadi ya duba. Ja arba'in da uku, kamar da.

A ƙasa ya rubuta dalilinsa: layin farko harafi saba'in da huɗu ne.

Baba ya karanta. Ya ɗaga hannu ya buga murfin kwamfutar ya rufe, ƙwallon roba ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Ya juya fuska ga bango yana numfashi da ƙarfi.

Siriri ya rasa inda zai sa kansa. Harafi biyu. Minti goma sha ɗaya na gumin mutum, abin da shi ya gina ya watsar saboda harafi biyu. Ya sunkuya ya laluɓo ƙwallon, ya zauna a ƙasa riƙe da shi, maganar ta fito ba tare da ya shirya ta ba.

"Baba, ba Manaja ba ce. Ni ne. Ni na kai mata shawarar. Saƙonninka ne suka yi min tsawo, na kasa faɗa maka, shi ne na yi wannan. Ka yafe min."

Baba bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo, ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Bakinsa ya fara aiki, haƙora a cije, jijiyar wuya ta tashi.

"Ma... tso... raci."

Daidai nan Inna ta shigo da gudu, ƙarar murfin ce ta kawo ta. Ta tsaya cak.

"Me ya ce? Kai, me ya ce?"

"Ya ce min matsoraci, Inna."

Ta ƙirga a yatsunta. "Gaɓa huɗu! Tun da abin nan ya same shi bai wuce biyu ba." Ta juya ta ƙwala wa 'yarta kira. "Ke, zo ki ji! Babanki ya zagi mijinki, kalma guda cur!" Ta share ido da bakin mayafi. "Ƙara masa, Alhaji. Ai ya daɗe yana nema."

Baba ya nuna kwamfutar da haɓa. Siriri ya buɗe. Baba ya cire kalma ɗaya da yatsansa, suka tura. Arba'in da biyu.

Kafin azahar sun yi shida, yatsan Baba ya fara karkarwa, Inna ta ce ya isa. A falo Siriri ya zauna yana kallon rufi. Shida a wuni. Ko da Lahadi da safiyar Litinin, ba za su kai rabi ba.

"Wane ɓangare ne lalle sai shi?" in ji Malama.

"Duka."

"Ƙarya kake. Ni ma ina ba yara aikin taƙaita labari. Wani ya karanta, wani ya kawo shawara, mai labari ya ce e ko a'a."

Haka suka yi bayan Baba ya huta. Malama ta zauna bakin gado tana karanta tsohon saƙon da ƙarfi. Baba ya rubuta kalmar farko da kansa, domin a nan hukuncin yake, ko sabo ne ko gyara. Siriri ya faɗi sauran layin da baki. Idan Baba ya yarda ya buga hannun kujera sau ɗaya, idan bai yarda ba sau biyu. Ya fi buga biyu. Akwai layin da Siriri ya kawo sau biyar yana shan bugu biyu, har Malama ta ce, "Baba, tausaya wa bawan Allah, ni zan koma gida da shi."

Ba ta taɓa karanta rubutun aikin mahaifinta ba. Takan tsaya a tsakiya ta yi dariya, ko ta ce, "Ashe haka kake surutu a ofis ma?" A na goma sha bakwai ta ci karo da ranar da aka kwantar da Inna a asibiti bara, inda Baba ya rubuta cewa a layin karɓar magani ya ga an miƙa wa wani dattijo ƙwayoyi biyu da shi kansa ya san ba a haɗa su, kuma ba wanda ya lura sai wata ma'aikaciya da ke wucewa. "Ba kullum za ta wuce ba," ya rubuta, "shi ya sa nake wannan." Malama ta karanta wannan layin sau biyu. Inna, wadda ta ce ita ba ruwanta da shirmensu, tana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya tun ɗazu ba ta share komai ba.

Ranar Lahadi suka kai na talatin da ɗaya. Malama ta fara karantawa, ta tsaya, ta dubi mijinta.

"Karanta mana."

"To, kai ka ce." Ta gyara murya. "Wannan ba cikin aikina yake ba, a hanya na tsince shi. Wurin da ake duba ranar lalacewar magani yana ɗaukar kowane wata kwana talatin ne, don haka a watan biyu sai ya bar maganin da ya lalace ya ƙara kwana biyu a kan kanta. Siriri ne ya rubuta wurin, shekara biyu ke nan. Na gyara. Kada wanda ya gaya masa, yaron nan idan ya ji ba zai ci abinci ba, 'yata ce za ta sha wahala. Sauran abin da ya rubuta a wurin ya fi wanda zan rubuta kyau."

Kunnuwan Siriri suka yi zafi. Baba ya ƙura wa silin ido kamar akwai abin karantawa a can.

"Oh," in ji Malama. "Ashe matsoratan biyu ne."

Baba ya rubuta gyara, ya sa ɗigo biyu, ya jira.

"Kuskuren Siriri a ranar lalacewar magani," in ji Siriri, murya ƙasa.

Bugu biyu, masu ƙarfi.

"Gaskiya ce ai, Baba."

Bugu biyu. Baba ya jawo kwamfutar, ya ƙarasa layin da yatsansa, bai bar kowa ya taimaka ba: ranar lalacewar magani a watan biyu. Sannan ya sauka ƙasa, kan tsohon zancen, ya tsaya da yatsa a kan maɓallin gogewa daidai sunan Siriri. Ya dube shi.

"Bar shi," in ji Siriri. "Don Allah a bar shi yadda yake."

Yatsan ya janye.

La'asar ta yi suna na talatin da tara. Baba ya fara kuskuren da ba ya yi da safe, yana danna harafi ɗaya sau uku, kansa yana rinjaya. Inna ta zo ta zare tabarau daga fuskarsa ta ninke. Saura huɗu.

Litinin Siriri bai je ofis ba. Ƙarfe tara yana gidan surukansa, amma Baba bai tashi da ƙarfi ba, ga kuma mai gasa masa hannu da ta zo ta yi awa guda tana lanƙwasa yatsun da ba sa ji. Sai sha ɗaya saura suka fara. Malama tana makaranta, don haka Inna ce ta karɓi karatun, tana yi tana tsayawa ta ce, "Wannan kuma wane yare ne?" Suka yi uku. Wayar Siriri ta yi ƙara, Manaja ce: sha ɗaya da rabi, ina kore?

Na ƙarshe shi ne wanda Baba ya rubuta ranar Litinin ɗin da ya gama, kuma ya fi duka tsawo. Inna ta karanta har ƙarshe. Siriri ya matsa masa kwamfutar don ya sa kalmar farko. Baba ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a iska yana rawa, ya sauko kan cinya. Ya sake gwadawa. Ya rufe ido.

"Mu ɗan jira, Baba. Akwai lokaci."

Babu, kuma dukansu sun sani. Baba ya buɗe ido, ya sa bayan hannu ya tura kwamfutar a hankali har ta taɓa ƙirjin Siriri.

"Kai," ya ce.

"In faɗa, ka buga?"

Baba ya girgiza kai. Ya ɗauke hannunsa daga hannun kujerar gaba ɗaya, ya ɗora shi a kan mara lafiyar, ya mai da kai baya.

Siriri ya dubi farin layin. Ya rubuta sabo, ya sa ɗigo biyu, ya rubuta: gargaɗi idan magunguna biyu ba sa shiri da juna. Ya juya allon don Baba ya gani. Baba bai duba ba. Siriri ya tura.

Maigadi ya yi kore, ya matsa gefe. Sai a lokacin, karon farko, sauran gwaje-gwajen suka fara taɓa aikin Baba kansa. Minti tara suke ɗauka. Siriri ya manta da wannan sarai, kuma idan akwai matsala a cikin aikin ba mai gyara ta kafin sha biyu. Inna ta matso tana kallon ƙananan da'irori suna juyawa.

"Yanzu me ake jira?"

"Ana duba ko aikin nasa daidai ne."

"Au, duk wahalar nan ba a ma duba ba?" Ta yi tsaki. "Daidai ne mana. Mutumin da ke auna gishiri da cokali."

Ɗaya bayan ɗaya suka koma kore. Sha biyu saura minti takwas na ƙarshe ya juya. Siriri ya danna haɗewa, ya buɗe tarihin babbar manhajar, ya gangara. Suna nan, arba'in da uku, kowanne da gajeren kansa da dogon zancensa a ƙasa, da sunan Baba a gefe.

Ya juyo zai faɗa masa. Baba ya yi barci, baki a ɗan buɗe. Wayar ta sake ƙara, Inna ta harare ta, ya yi maza ya kashe.

"Tashi ka tafi aikinka," ta ce a hankali, tana gyara wa mijinta matashi. "Idan ya farka zan gaya masa. Kore ko? To. Kuma gobe idan za ka zo, ka zo bayan mai gasa masa hannu ta tafi, ba kafin ba."